Sauya Sautin Jitar Bes Tsakanin Waƙa da Waƙa: Sai an Sayi Sabuwar Amfilifaya?

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Ina kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Sabon Garin Zariya, ranar Asabar kuma mukan je wasan biki. Amfilifayata mai wat 100 ce, layi ɗaya gare ta, wato saitin sauti ɗaya take riƙewa a lokaci guda, da maɓallan murzawa shida: Gain, Bass, Low Mid, High Mid, Treble da Master, sai wani ɗan maɓallin dannawa da aka rubuta wa Contour. A waƙoƙin natsuwa ina son sauti mai kauri da taushi, in an shiga na rawa kuma ina son mai kaifi don in riƙa marin tsirkiya. Da na murza maɓallan sai ƙarar ta yi sama, ko kuma in ɓace cikin kiɗan, kuma ba na iya komawa saitin farko. Sai na sayi mai layi biyu ne, ko akwai dabara?

AMSA: Ɗan'uwa, ajiye kuɗinka tukuna. Amfilifayar da ke hannunka ta isa. Abin da za ka daina shi ne taɓa ta a tsakiyar wasa. Sauti ɗaya ake saitawa a jikinta a bar shi nan, na biyun kuma a samo shi daga yatsu, ko daga jikin jitar, ko daga feda guda da ake takawa da ƙafa.

Ga dalilin da ƙarar ke tsalle. Maɓallan nan huɗu na tsakiya, kowannensu maɓallin ƙara ne, sai dai na wani yanki na sautin. Kamar famfo huɗu ne masu zuba a bokiti ɗaya: ka buɗe guda, ruwan bokitin ya hau, ka rufe biyu, ya sauka. A yawancin amfilifayoyi kowane maɓalli na iya ƙarawa ko ragewa da desibel 12 zuwa 15 (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarin desibel 3 yana cin ninki biyu na ƙarfin wuta, desibel 6 kuma ninki huɗu. Wato idan ka ɗaga Bass da desibel 6, sautin ƙasan da wat 25 ke ɗauka a da yanzu wat 100 yake nema, duk abin da akwatinka ke da shi ke nan. Daga nan sai ka ji sifika tana kakari, ko na'urar kare ta ta danne ƙarar.

Ɓacewar kuma wani abu ne daban. Tsirkiya huɗu na bes suna bugawa ne a haz 41, 55, 73 da 98 (haz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya, ƙaramin adadi na nufin sauti mai kauri), amma ba waɗannan kunne ya fi kamawa ba. Abin da ke sa mai sauraro ya bambance wannan nota da waccan yana sama da su, daga wajen haz 200 zuwa 1,500, inda Low Mid da High Mid suke aiki. A amfilifayar bes ta Fender Rumble, alal misali, Bass yana haz 80, Low Mid 280, High Mid 1,200, Treble kuma 10,000. Naka ba zai yi nisa da haka ba. To, Contour aikinsa ya kwashe wannan tsakiyar ya bar ƙasa da sama. In kai kaɗai ne a ɗaki, daɗinsa ba a magana. Amma a cikin ƙungiya, gangar ƙafa da hannun hagun mai kibod sun riga sun cika ƙasa, faifan ganga da jitar solo sun cika sama, gurbinka na gaskiya shi ne tsakiyar da ka kwashe da hannunka. Shi ya sa ka danna maɓalli ɗaya ka nemi kanka ka rasa.

Sai a kafa sautin gindi. A wurin da za a yi wasan za ka yi shi, da mai ganga yana bugawa, kada ka yi a gida. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin sautin ƙasa sosai idan ƙarar ba ta da yawa, don haka saitin da ka yi a ɗakinka da dare, da ka ɗaga shi a zaure zai koma gurnani zalla.

Sauke Master ƙasa, kashe Contour, tsayar da maɓallan huɗu a tsakiya, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe 12. Idan jitarka mai batir ce, sa ta a ramin da aka rubuta Active, ko ka danna maɓallin rage ƙarfin shigarwa in akwai. Kaɗa tsirkiyar da ta fi kauri da iyakar ƙarfin da za ka yi amfani da shi a wasa, har da marin, kana ɗaga Gain a hankali har jar fitila ta fara ƙiftawa ko sautin ya fara dishewa, sannan ka mayar da shi baya kaɗan. Daga nan ka sallami Gain, ba kai ba shi. Ƙara da ragewa duk aikin Master ne.

Yanzu ka ja doguwar waya ka tsaya mita uku ko huɗu daga akwatin, domin wanda ya tsaya a kansa gwiwarsa ce ke jin sautin. In ka ji ruri, rage Bass zuwa ƙarfe 11 ko 10. In sautin ya cushe kamar ana magana cikin tulu, Low Mid za ka rage kaɗan. In ba a jin notocinka, ɗaga High Mid zuwa ƙarfe 1 ko 2 kafin ka yi tunanin Master. Ƙa'idar ita ce a fara da rage abin da ya yi yawa, domin ragewa ba ta cin wuta. Ka kuma duba inda akwatin yake zaune: jikin bango yana ƙara masa ƙasa, kusurwa ta fi ƙarawa. Zauren da ke da tayil da rufin kwano yakan buƙaci a rage Bass, filin biki a ƙarƙashin rumfa kuwa ba bangon da zai dawo maka da sauti, sai ka ɗan ƙara.

In ya zauna, manna tef ɗin takarda a saman maɓallan ka ja layi da biro daidai inda kowanne ya tsaya, ka kuma ɗauki hoto da waya. Hoto ɗaya na majami'a, ɗaya na fili. Maganar rashin iya komawa saitin farko ta ƙare ke nan.

Sauti na biyu, mafi arha shi ne na hannu, kuma masu kaɗawa da yawa suna raina shi. Kaɗa kusa da ƙarshen wuyan jitar da naman yatsa, sautin zai fito da kauri da taushi. Matsa hannun kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa kansa a gindin jitar, inda ta fi tauri, sai ya ƙanƙance ya yi kaifi. Idan jitarka irin Jazz Bass ce mai maganaɗisun ɗaukar sauti biyu, buɗe na wajen wuya kaɗai ka rufe maɓallin kaifi zuwa rabi don waƙar natsuwa. Don mari, buɗe duka biyun har ƙarshe tare da maɓallin kaifi. Haɗa su biyun da kansa yana ɗan rage tsakiya, wato ka sami rabin aikin Contour ba ka waiwaya baya ba. Wata dabarar: yi waƙoƙin natsuwa da maɓallin ƙarar jitar a 8 cikin 10. A jitar da ba ta da batir wannan yana ɗan dusashe kaifi, abin da kake so ke nan a wajen, kuma ya bar maka ragowar da za ka buɗe idan ka koma sautin mari ƙarar ta sauka.

Idan hannu bai ishe ka ba, abin saya shi ne fedar gyaran sauti, ba sabuwar amfilifaya ba. Boss GEB-7 tana cikin waɗanda aka fi sani. Tana da zamiya bakwai a haz 50, 120, 400, 500, 800, 4,500 da 10,000, kowace tana hawa ko sauka da desibel 15, sai ta takwas ta ƙara gaba ɗaya. Jita ta shiga feda, feda ta shiga amfilifaya. Sautin da ka fi amfani da shi ya zauna a amfilifaya, fedar tana kashe. Don mari, fara da wannan: bar 50 a tsakiya, ɗaga 120 da desibel 3, sauke 400 da 500 da wajen 4, sauke 800 da 2 kacal, ɗaga 4,500 da 4, ɗaga 10,000 da 2 in tsirkiyarka ba sababbi ba ne. Kada ka zana baka mai zurfi da zamiyoyin don ka gani a hoto, ɓacewar nan za ta dawo.

Zamiya ta takwas ita ce dalilin sayen fedar. Kaɗa layi ɗaya kana takawa kana sakewa, kana gyara ta har ƙarar biyu su zo daidai. Fitilun miksa, na'urar da ke haɗa sautin ƙungiya, za su taimaka, ko manhajar auna ƙara a waya, ka nemi bambancin kada ya wuce desibel 1 ko 2. Sannan ka sake gwadawa tare da ƙungiya, domin sautin da aka rage wa tsakiya yakan nemi ɗan ƙari kafin ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗayan, ko da mita ta ce daidai suke.

Mai buƙatar sauti uku ko fiye sai ya nemi feda mai ajiya. Tech 21 na da SansAmp mai ajiye saiti uku, Zoom B1 Four kuma tana ajiye 50. Ra'ayinmu shi ne uku sun isa kowane wasa, ka jera su kusa da juna don taku ɗaya ya kai ka. Abu biyu ke ɓata wa mutane irin wannan fedar. Na farko, saitin da kamfani ya zo da shi kowanne da tasa ƙarar, dole ka daidaita su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, yawancinsu suna kwaikwayon wata amfilifaya da akwatin sifikarta, kai kuma ka sake zuba su cikin taka, gyara a kan gyara. Kashe kwaikwayon akwatin, ka tsayar da maɓallanka a ƙarfe 12. In akwai ramin Return a bayan amfilifayar kana iya shiga ta nan ka tsallake maɓallan gaba, amma ka sauke ƙarar fedar tukuna, don a wasu amfilifayoyin Master ba ya iko da wannan ramin. Wasu fedojin kuma sukan ɗan yanke sauti yayin sauyawa, sai ka taka a inda kiɗan ya numfasa.

Akwai wurin da ba a cika dubawa ba. Idan ana ɗaukar sautinka zuwa miksa ta rami mai ƙafa uku na bayan amfilifaya, duba ko akwai maɓallin Pre da Post kusa da shi. A kan Pre, duk murzawar da kake yi kai kaɗai kake jin ta, jama'a sauti ɗaya suke ji tun safe. A kan Post, kowace murzawa tana isa manyan sifikoki, mai miksa ya yi ta bin ka da gyara yana harararka. Feda a gaban amfilifaya tana raba wannan gardama: a bar shi a Pre, sauyin fedar ya isa ko'ina, maɓallan akwatin su zama naka na jin kanka. In haɗin ya kawo gunjin wuta, wanda a nan ƙasar haz 50 ne, danna maɓallin da aka rubuta wa Ground Lift.

Sauran matsalolin na muhallinmu ne. Ƙurar hunturu tana shiga maɓalli, ka murza ka ji ƙarar yashi, wani lokaci sautin ya yanke a wani gurbi. A cire wuta, a fesa maganin wanke maɓallan lantarki, a murza sau ashirin gaba da baya, kuma a ɗinka wa akwatin riga. Kada a zuba man inji ko fetur. Fedojin Boss da Zoom adafta mai bolt 9 suke so, wadda tsakiyar bakinta ne nagetif. Adaftar dikoda ko ta wani abin daban tana iya zuwa da akasin haka, ko da bolt 12, ta ƙona feda nan take. Mai amfani da batir ya zare wayar shigarwa bayan wasa, don ita ce makunnin. In za a juya daga wutar gari zuwa janareta, sauke Master ka kashe amfilifaya, a bar injin ya daidaita, sannan ka kunna feda, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa kuma amfilifayar ce farko.

Mai layi biyu tana da ranarta: idan kana sauya jita biyu masu ƙarfi daban, mai batir da maras batir, ko kana son sauti mai kurza da nasa Gain ɗin daban. In ka kai ga sayenta, tabbatar kowane layi yana da nasa maɓallan gyara da nasa na ƙara, domin wasu suna biyu ne amma maɓallan gyaran guda ne. Ka kuma gwada makunnin ƙafarta a shago kafin ka biya. Mai aiki ɗaya jak mai zobe ɗaya yake ɗauka, mai aiki biyu galibi mai zobe biyu, kuma yawancin amfilifayoyi suna son irin wanda ke tsayawa in an taka. In aka ba ka irin na kibod mai sakewa, layin zai koma da zarar ka ɗaga ƙafa.