Ciwon Kafaɗa Bayan Tiyatar Cire Matsarmama

Sannu da jiki, 'yar'uwa. Kin ce ta ƙananan hudoji aka cire miki matsarmama, amma kafaɗarki ta dama ce ke damunki. Kafaɗar lafiya take. Iskar kabon dayokzaid da likitoci ke hura wa ciki ce ta rage, tana tokare tantanin da ya raba ciki da ƙirji, jijiyarsa kuwa ta haɗu da ta kafaɗa. Yawanci cikin kwana 2 zuwa 3 yake lafawa.

Ki riƙa takawa a hankali cikin ɗaki, ki ɗora tawul mai ɗumi a kafaɗar, ki sha maganin ciwon da aka rubuta miki. Amma in zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi wuya, ko idanu suka yi rawaya, ki koma asibiti nan take.