Hanta da guba: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ba na shan giya, ba ni da ƙiba, amma hoton ciki ya nuna kitse a hantata. Shekara 12 ina aikin feshin fenti. Da alaƙa?

Amsa: Mai yiwuwa ne ƙwarai, Malam. Galibin abin da ya shiga jininka, ko ta baki, ko ta hanci, ko ta fata, hanta ce ke karɓarsa ta warware shi. Wani lokaci kuma garin gyaran gira sai a rasa ido: tana warware sinadari, sai ya rikiɗe ya fi na farko dafi. Haka kabon tetirakulorayid yake, wanda a da ake wanke tufafi da kashe gobara da shi. A ƙa'ida hanta na ƙona wani kitsen, sauran kuma ta ɗaure shi da furotin ta tura cikin jini. Irin wannan guba na raunana ƙonawar, tana toshe hanyar fitar, sai kitse ya jibge. Idan ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyin hanta, ya zama cuta. Ka kai wa likitanka sunayen sinadaran da kake aiki da su. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare tururin sinadari, takunkumi mai tace tururin ake bukata, da wuri mai iska.

Tambaya: Gwajin jinin hantata ya fito lafiya lau. Hankalina ya kwanta ke nan?

Amsa: Ba lallai ba, Malama. A 1974 aka gano wata sankarar hanta da ba a cika gani ba a jikin ma'aikatan wani kamfanin roba a Luwisbil, ƙasar Amurka, sanadiyyar shaƙar finil kulorayid, wani sinadari da ake yin roba da shi. Da aka sake duba naman hantar ma'aikatan wurin daga baya, an tarar da kitse da kumburi a jikin da yawansu, alhali gwajin jinin hanta da aka saba yi bai nuna komai ba. In kina hulɗa da sinadarai, ki nemi a haɗa da hoto.

Tambaya: Da gaske farasitamol na lalata hanta?

Amsa: Idan ya yi yawa, sosai ma. Babba kada ya wuce giram 4 a rana, mai shan giya ko mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka. Inda mutane ke faɗawa shi ne magungunan mura, domin da yawansu na ɗauke da shi, sai a haɗa biyu ba a sani ba. Wanda ya sha fiye da kima ya garzaya asibiti ko da yana jin garau, domin makarin farasitamol ya fi aiki cikin awa 8 na farko.