Kafin ka fara buga wa mutane waya kan gidaje a Amurka

Ƙanena, ka tambaya ko in ka iso Amurka karatu za ka iya haɗawa da dillancin gidaje, ka sayi jerin lambobin waya ka riƙa kira da tura saƙo har ka dace da mai saye. To, bizar ɗalibi ta F-1 ba ta ba ka damar aiki a wajen makaranta sai da izini, kuma dillanci sai da lasisin jiha. A Texas sai ka yi awa 180 ta darasi ka ci jarrabawa. Amma ko ka tsallake wannan, wayar ce ta fi jefa sababbin dillalai cikin ruwa.

Dokar TCPA ta 1991, wato dokar tarayya da ke kare mutane daga kiran talla ta waya, ita ce uwa. A 2003 kuma aka buɗe rajistar Do Not Call, inda mutum ke sa lambarsa don kada 'yan talla su dame shi, kuma kariyar ta haɗa da saƙon tes. Dole ka tace jerinka da wannan rajista aƙalla duk kwana 31. Wanda ya sayar maka da jerin ya ce "an tace" ba zai tsaya maka a kotu ba.

Lambar da ke rajista tana da ƙofa uku: mai ita ya ba ka izini a rubuce, ko kun yi ciniki cikin wata 18 da suka wuce, ko shi ya nemi bayani gare ka cikin wata 3. Nan ne masu sayar da gidansu da kansu ke ruɗar mutane. Sun kafa allo da lamba, sai ka ɗauka an yi maka lale. In kana da mai saye na gaske, kira halas ne. In so kake ya ba ka gidan ka sayar masa, talla ce, rajista ta hau kanka.

Lokacin kira daga 8 na safe zuwa 9 na dare ne, da agogon wanda ka kira. Ka kula, lambar New York na iya zama a aljihun mutumin da ya koma Kalifoniya. Florida ta rage zuwa 8 na dare, kira uku kacal ga mutum ɗaya cikin awa 24.

Muryar da aka naɗa, har da wadda kwamfuta ta ƙirƙira, ba a aika ta da talla sai da rubutaccen izini tun farko. Tara dala 500 ce kan kowane kira, ta kai 1,500 in da gangan ne, kuma wanda ka kira da kansa zai iya kai ka ƙara. Ka lissafa: murya ɗaya ga mutum 200, dala 100,000 ke nan.

Wanda ya ce ka daina, ko ya rubuto STOP, ka cire shi a take. Doka ta ba da kwanakin aiki 10, amma kada ka jira. Ka sa shi cikin jerinka na waɗanda ba a kira har shekara 5. Takardun izini kuwa, da rana da lamba da sa hannu, ka adana su aƙalla shekara 4, domin har tsawon wannan lokaci ana iya shigar da ƙara.