Tambayi Likita: Shin ƙurajen surukata ne suka jawo wa ɗana ƙarambau?

Tambaya: Likita, surukata mai kimanin shekara 65 ta yi kwana uku tana fama da zogi a haƙarƙarinta na dama, sannan ƙuraje masu ruwa suka feso a jere tun daga baya har zuwa ƙirji. Wasu sun ce ƙwaro ne ya bi ta jikinta, wasu kuma sun ce sammu ne. Bayan mako biyu sai ɗana mai shekara huɗu ya kamu da ƙarambau. Shin akwai alaƙa, kuma mene ne magani? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba su lafiya. Akwai alaƙa, domin bisa bayaninki ƙwayar cuta ɗaya ce ta kama kaka da jikanta, wato bairos ɗin da ake kira barisela-zosta. Idan ya shiga jikin mutum karon farko, ƙarambau yake haifarwa, kuma bayan an warke ba ya fita, sai ya laɓe a saiwar jijiyoyin da ke kusa da laka, shekaru masu yawa bai motsa ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko wata cuta, sai ya farka ya bi jijiya guda ya fito a fata, shi ya sa ƙurajen Hajiya suka tsaya a gefe ɗaya kamar rabin ɗamara. Likitoci na kiran wannan zosta. Ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau, kuma tazarar mako biyun da kika ambata ta dace, tunda cutar kan bayyana tsakanin kwana 10 zuwa 21 bayan kamuwa.

Yawanci da ido likita ke gane cututtukan biyu. Alamar ƙarambau ita ce a ga ƙuraje iri-iri a lokaci guda, wasu jajaye, wasu da ruwa, wasu sun riga sun bushe, kuma sun fi yawa a gangar jiki. Sai dai tun da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, ya kamata a kai yaro asibiti idan aka ga kaluluwa ta kumbura ko ƙurajen sun fi yawa a fuska da tafin hannu.

Yaro mai ƙoshin lafiya kan warke da kansa. A ba shi farasitamol saboda zazzaɓi, a shafa masa kalamin saboda ƙaiƙayi, a yanke masa farce, a yawaita ba shi ruwa, kuma a yi masa wanka, domin hana wanka ba ya ƙara komai sai ƙazantar da ke sa ƙurajen yin mugunya. Kada a ba shi asfirin ko kaɗan, saboda yana iya jawo mummunar cutar da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, haka kuma a guji ibufurofen. Ya zauna a gida har ƙurajen su bushe gaba ɗaya, nesa da masu juna biyu da jarirai.

Lamarin Hajiya ne ya fi damuna. Maganin asiklobiya, wanda akan ba babba miligiram 800 sau biyar a rana har kwana bakwai, ya fi amfani idan an fara shi cikin sa'o'i 72 da fitowar ƙurajen, kuma ga alama wannan lokaci ya wuce wajen neman wanda ya yi sammu. Duk da haka ku kai ta asibiti, domin a masu shekarunta zogin kan zauna watanni bayan fata ta warke, har taɓawar riga ma ta zama azaba. Irin wannan ciwon na jijiya ba ya jin farasitamol sosai, akan buƙaci magunguna irin su amitiriftilin ko gabafentin, waɗanda likita ne kaɗai zai tsara yadda za ta sha. A kuma duba ta ko tana da ciwon sukari. Da a goshi ko kan hanci ƙurajen suka fito, da na ce a ga likitan ido a ranar, domin zosta na iya makantar da ido.