Amsa kan asalin sunan John da alaƙarsa da Yahaya

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar sunan John, da ko gaskiya ne shi ne Yahaya kamar yadda abokin aikinka ya gaya maka. Na daɗe ina koyarwa a Jos, rajistar ɗalibai ta sha bi ta hannuna, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Da farko, John ba asalin sunan Turawan Ingila ba ne, aro suka yi. Tushensa Ibrananci ne, Yohanan, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Girkawa suka mai da shi Ioannes, Rumawa suka ce Johannes, ya ratsa ta bakin Faransawa kafin ya zauna a Ingila. Harafin h ɗin nan da ake rubutawa ba a furtawa, ragowar wannan doguwar tafiya ce. Kowace ƙasa kuma ta lanƙwasa shi daidai harshenta: Jean a Faransa, Juan a Sifen, Ivan a Rasha, Giovanni a Italiya. Jack ma laƙabinsa ne, shi ya sa na kusa da John F. Kennedy suke kiransa Jack.

Abokin naka bai yi ƙarya ba. Wanda Kiristoci ke kira John mai baftisma shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariyya (AS), wanda aka ambaci busharar haihuwarsa a farkon Suratu Maryam. Sai dai akwai wani John ɗin, almajirin Annabi Isa (AS), kuma iyaye da yawa saboda shi suke raɗa sunan. Kiristocin Larabawa Yuhanna suke cewa, mu ma nan arewa Yohanna ya fi yawa a Filato da kudancin Kaduna.

Abin da ke ba ni mamaki, duk farin jinin sunan a Ingila, sarki ɗaya kacal ya taɓa mulki da shi, wanda manyan ƙasarsa suka tilasta wa amincewa da Magna Carta, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215. Bai bar sunan kirki ba. Gana kuwa shugabanni huɗu ta jera masu sunan: Jerry John Rawlings, John Kufuor, John Atta Mills da John Mahama.

Inda nake jan kunne shi ne takardu. Na ga yaron da takardar haihuwarsa ke ɗauke da Yohanna, ta jarrabawa kuma John, sai da ya je kotu ya yi rantsuwa kafin a karɓe shi a jami'a. Kwamfuta ba ruwanta da tarihi. Haka masu yanke Jonathan su rubuta Jon, wannan suna ne daban, ma'anarsa Ubangiji ya bayar. Ka gaya wa abokinka duk sunan da ke kan katinsa na ɗan ƙasa, shi zai riƙa rubutawa a banki da ko'ina.