Me kwamfuta ke yi a zubin ƙarfe?

Tambaya daga Yamai: Assalamu alaikum malam, ni zubin tukwanen alminiyom nake yi a kasuwar Katako, da yashi muke aiki. Na gani a Facebook wai masana'antun mota sai sun gwada zubi a kwamfuta tukuna, to meye amfaninsa tunda mu da ido muke yi kuma tukunya na fita lafiya lau?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Bambancin naku da nasu sauri ne. Kai kana tuttula narkakken ƙarfe ya gangara da nauyinsa, iska ta sulale ta cikin yashi. Su kuwa mazubinsu na ƙarfe ne rufe gam, fistan, wato sandar inji mai turawa, ke cusa alminiyom mai zafin kusan digiri 680 da gudun mita 30 zuwa 60 a sakan ɗaya, mazubin ya cika kafin ƙiftawar ido, sau da yawa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Ba idon da zai ga abin da ya faru a ciki.

A wannan gudun ƙarfen fantsama yake yi, ya naɗe iska ya daskare da ita, kayan su fito sumul a waje amma ciki duk ƙananan ramuka, sai an saka su a injin mota, man inji ya fara yoyo. Wani wurin kuma ƙarfen ya huce kafin ɓangarori biyu su haɗe, sai tabo kamar tsaga.

To manhajoji irin su MAGMASOFT ta Jamus da FLOW-3D CAST ta Amurka suna yanyanka zanen mazubin ƙanana ƙanana har miliyoyi, su lissafa gudu da zafi da matsi a kowane yanki, injiniya ya kalli cikawar a hankali, ya ga inda iska ta maƙale, ya gyara ƙofar shiga ko ya ƙara mafitar iska. Har tafiyar fistan ana gwadawa, don da farko a hankali ake tura shi kada ƙarfen ya yi igiyar ruwa ya haɗiye iska tun a bututun da ke kai shi mazubin. Ni a ganina babban amfanin shi ne duk wannan ana yinsa kafin a sassaƙa mazubin, don yana cin makudan kuɗi da makonni, ba irin naka ba da za ka farfasa yashi ka sake.

Amma fa in aka ba kwamfuta zafin mazubi na ƙarya, sakamakon ƙarya za ta bayar, shi ya sa har yanzu ake duba kayan farko da hoton eksire.