Tambaya da Amsa: Ina Giyar Hannu Ta Shiga a Motocin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne, da Fijo 504 na koyi tuƙi, kuma na lura cewa a cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka da wuya ka ga mai kuloci, kusan dukkansu otomatik ne. Shin tun asali Amurkawa ba su san giyar hannu ba ne, ko kuwa daga baya suka watsar da ita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sun san ta sarai, har ma babbar gyarar da ta sa giyar Fijo ɗinka take shiga ba tare da ƙara ba, a wurinsu aka fara sa ta a motocin sayarwa.

Motar da ta fara yaɗuwa a hannun talakan Amurka ita ce Model T ta kamfanin Ford, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, kuma da za a ba ka ita a yau sai ka sake koyon tuƙi. Giyarta ta gaba biyu ce kawai, kuma da ƙafa ake sa ta. Idan ka danne abin takawa na hagu har ƙasa kana giya ta ɗaya, idan ka riƙe shi a tsakiya motar tana firi, idan ka sake shi gaba ɗaya ta shiga ta biyu. Na tsakiya shi ne ribas, na dama birki, totur kuwa ɗan ƙarfe ne a jikin sitiyari da ake ja da hannu. Sai da Model A ta maye gurbinta a ƙarshen 1927 sannan Ford ya koma tsarin da muka sani, wato kuloci da sandar giya mai hawa uku.

Ita ma waccan giyar ba ta da sauƙi. Haƙoran ƙarfe ne ake cusa wa juna alhali kowanne yana juyawa da nasa gudun, saboda haka dole direba ya taka kuloci ya fitar da giya, ya saki, ya daidaita ƙarar inji da kunnensa, sannan ya sake takawa ya shigar, in ba haka ba a ji ƙarar haƙoran tun daga nesa. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san wannan wahalar. Wani injiniya mai suna Earl Thompson ya ƙirƙiro ɗan zoben da yake daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu, kamfanin Cadillac ya fara sa shi a motocinsa a 1928, daga nan ya bazu a duniya. A ƙarshen shekarun 1930 kuma aka ɗauke sandar giya daga ƙasa aka mai da ita jikin sitiyari, domin mutum uku su zauna a kujerar gaba ba tare da takura ba. Wanda ya taɓa tuƙa Fijo 404 ya san irin wannan tsari.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne, Thompson ɗin da ya sauƙaƙa giyar hannu shi ne kuma ya jagoranci injiniyoyin General Motors da suka fara aikin Hydra-Matic, giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa, wadda ta fito a motocin Oldsmobile na 1940. A ganina manufar ɗaya ce tun farko, wato rage wa direba aiki, kuma cire kuloci gaba ɗaya shi ne inda hanyar ta nufa. Bayan yaƙin duniya na biyu Buick ta fito da tata giyar otomatik mai suna Dynaflow a 1948, Chevrolet ta kawo Powerglide a 1950, Ford da Chrysler suka biyo baya, kuma kafin shekarun 1950 su ƙare mafi yawan sababbin motocin ƙasar otomatik ne. Dalilin da ya sa hakan ya yiwu a can bai yiwu a Turai ba a fili yake: fetur yana da araha a Amurka, injunansu manya ne, don haka ƙarfin da otomatik ɗin wancan zamani take cinyewa da man da take sha ba su dami mai mota ba. A Turai kuwa haraji ya tsadar da mai, injuna ƙanana ne, giyar hannu ce ta dace da aljihu.

Duk da haka ba ta mutu ba, matsayinta ne ya sauya. Mai giya uku ta zama ta mai ƙaramin ƙarfi da ta motocin a-kori-kura, har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Mai giya huɗu da sanda a ƙasa kuwa ta zama abin alfaharin matasa masu son gudu, tun daga Corvette ta 1957 zuwa Pontiac GTO da Ford Mustang na 1964. Ƙarancin man fetur na 1973 ya sake farfaɗo da ita na ɗan lokaci, domin mutane sun koma ga ƙananan motoci masu tattalin mai, sannan Dodge Viper ta zo da giya shida a 1992, Corvette ta 2014 ta kai bakwai.

Abin da ya karya ta a ƙarshe shi ne otomatik ta daina zama mai ɓarnar mai. Da kwamfuta ta karɓi sarrafa ta, aka kuma kai ta hawa takwas har goma, sai ta kamo giyar hannu a tattalin fetur, ta wuce ta a saurin canji. Motocin Ram masu ɗaukar kaya sun bar ta bayan 2018, Corvette ta 2020 ma ta fito babu kuloci, abin da ya ɓata wa masoyanta rai ƙwarai. A 'yan shekarun nan sababbin motoci masu giyar hannu ba su kai kashi 2 cikin 100 na waɗanda ake sayarwa a Amurka ba, kuma a cikin motocin kamfanonin ƙasar sai dai ka neme ta a Mustang, da Jeep Wrangler, da Ford Bronco, da Cadillac Blackwing mai tsada. Motocin da ake saukewa a Legas da Kwatano kuwa, Malam, galibi na iyali ne da na zuwa aiki, kuma irin waɗannan sun rabu da kuloci tun da daɗewa.